Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi: Sabo ko gwanjo, wa zai riƙa gyara shi?

Duk wanda ya taɓa tafiya Yamai daga Maraɗi ya san tun da duhun asuba ake kama hanya. Kafin a kira sallah fasinja sun cika harabar kamfanonin sufuri irin su Rimbo da Al Izza da STM, an liƙa wa kaya lamba, yaran mota na ta cusa buhuna da jakunkuna a ƙarƙashin kujeru. Tafiya ce ta kusan kilomita 660, wadda ke cinye wuni guda. Wanda kuma Kano ya nufa, tafiyarsa ba ta kai rabin wannan nisa ba, amma tana iya cinye masa lokacin da ya kusa haka, saboda tsaye-tsaye: Ɗan Isa, Magama, Jibiya, Katsina, da shingayen jami'an tsaro da ke tsakani, kowane da irin tambayarsa.

Wannan hanya ta biyu ce ake shimfiɗa wa layin dogo. Idan aikin ya kammala, Maraɗi za ta zama birni na farko a Jamhuriyar Nijar da jirgin fasinja zai riƙa shiga yana fita a kan jadawali, har ya tsallaka iyaka. Shi ya sa maganarsa ba ta ƙarewa a majalisun shayi na unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo, da kuma zaurukan WhatsApp na 'yan Maraɗi mazauna Legas da Abijan da Agadas da Aljeriya. Mafi yawan hirar a kan abu ɗaya take: yaushe zai iso?

Akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali ita ce za ta nuna ko jirgin zai shekara talatin yana aiki ko kuwa zai tsaya bayan bikin yanke ƙyalle. Wane irin jirgi za a ɗora a kan layin, daga ina zai fito, kuma wa zai riƙa gyara shi?

Abin da aka sa wa hannu

A watan Satumban 2020 Majalisar Zartarwa ta Najeriya ta amince da kwangilar gina layin a kan kuɗi kusan dala biliyan 1.96, aka kuma bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Ranar 9 ga Fabrairun 2021 aka aza harsashi a Katsina, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi ta bidiyo daga Abuja. Tsawon babban layin kimanin kilomita 284 ne: Kano, Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, sannan ya tsallaka zuwa Maraɗi. Akwai kuma reshe na kilomita 93 daga Kano zuwa Dutse.

Najeriya ce ta ɗauki nauyin aikin har guntun da ke cikin Nijar, abin da ya jawo wa Buhari suka sosai daga kudancin ƙasar. Amsar da gwamnatinsa ta riƙa bayarwa ita ce kasuwanci: a janye kayan Nijar daga tashoshin ruwan Kwatano da Lome zuwa na Legas. Hasashen hukuma shi ne layin zai riƙa ɗaukar fasinja fiye da 9,000 da kaya tan 3,000 a kullum. Da farko an ce shekara uku za a yi ana aikin. Wa'adin ya wuce, aka koma ambaton 2026.

Shi kansa jirgin, kwangilarsa daban ce. A 2023 aka sake bai wa Mota-Engil wata kwangilar ta fiye da dala miliyan 900 don samar da kawunan jirgi da taragai da kayan aikin kula da su. Wato kuɗin abin da zai yi gudu a kan layin ya kusa rabin kuɗin layin kansa. A takarda, sababbin kaya ake magana. Sai dai tarihin jiragen ƙasa a wannan yanki ya nuna cewa kashin farko ne kaɗai ke zuwa da ledarsa. Da zarar fasinja sun ƙaru, ko taragai sun fara gajiya, baitulmali kuma babu kuɗi, kasuwar gwanjo ake nufa. Don haka gara a san yadda kasuwar take tun yanzu.

Layukan da suka ɗauki sunan, ba su iso ba

Dangantakar Maraɗi da jirgin ƙasa ta girmi 'yancin kai, ko da yake mutanen garin ba su taɓa jin kukansa a ƙofar gida ba. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Gyaɗar da manoman ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir suka noma, a kan raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci, ake kai ta Kano a loda wa jirgin Turawan Ingila zuwa Ikko. A kan wannan ciniki ne Alhazan Maraɗi na farko suka kafu.

Faransa ba ta ji daɗin ganin gyaɗar ƙasar da take mulka tana bin layin kishiyarta ba. A 1953 ta ƙirƙiro wani tsari da aka sa wa suna Opération Hirondelle, wanda ya karkatar da wani kaso na kayan zuwa Paraku a Dahomey, inda layin da ya taso daga Kwatano ya tsaya tun 1936. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jiragen ƙasa tsakanin ƙasashen biyu, wadda daga baya ta zama OCBN. Nijar ta shekara fiye da hamsin tana da hannun jari a kamfanin jirgin ƙasa, ba ta da ko taku ɗaya na layin dogo a ƙasarta.

Abin dariya kuma abin takaici, manyan layuka uku na Afirka ta Yamma sun ɗauki sunan Neja ko Nijar: Dakar-Niger, Abidjan-Niger da Bénin-Niger. Na Dakar aƙalla ya isa kogin a Kulikoro ta ƙasar Mali. Na Abijan ya isa Wagadugu a 1954, daga baya aka ɗan ƙara shi zuwa Kaya, ya tsaya nan. Na Benin bai wuce Paraku ba.

Su ma waɗannan layuka ba su riƙe fasinjansu ba. Jirgin Dakar zuwa Bamako, wanda a wani zamani ya yi amfani da tsofaffin taragan Faransa da kuma waɗanda aka sayo daga Indiya, ya daina jigilar fasinja tsakanin ƙasashen biyu shekaru da dama da suka wuce, bayan layin ya lalace har jirgi ya koma tafiyar hawainiya. Na Abijan zuwa Wagadugu, wanda 'yan ci-rani da yawa suka sani, an dakatar da shi a 2020 lokacin annobar korona.

Darasin Doso

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne na Yamai zuwa Doso. Ranar 7 ga Afrilun 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai, a gaban Shugaba Mahamadou Issoufou da takwarorinsa na Benin da Togo. Kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa layi mai tsawon kusan kilomita 140, aka yi bikin kammala shi a ƙarshen Janairun 2016, makonni kaɗan kafin zaɓen shugaban ƙasa. An ce wani yanki ne na babban zobe da zai haɗa Kwatano da Yamai da Wagadugu da Abijan.

Layin bai taɓa yin jigilar fasinja ko kaya ta kasuwanci a kai a kai ba. Wani attajirin Benin, Samuel Dossou, mai kamfanin Petrolin, ya shigar da ƙara cewa shi aka fara bai wa aikin ɓangaren Benin, kotunan ƙasar kuma suka ba shi gaskiya a 2015 da 2017. A 2018 Shugaba Patrice Talon ya nemi ɓangarorin biyu su janye a bai wa ƙasar Sin. Tsakanin Doso da Paraku dai ba a haɗa ba. Layin da bai kai teku ba, bai kuma haɗu da wani layi ba, ba shi da kayan da zai ɗauka. Layin da ba shi da kaya kuwa ba shi da kuɗin biyan direba da makanike.

Akwai wani abu a labarin Doso da ya shafi Maraɗi kai-tsaye, wato faɗin layi. Tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyun da jirgi ke bi ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Na Doso mita ɗaya ne cif, irin na tsofaffin layukan Faransa. Tsohon layin Najeriya milimita 1,067 ne. Sabon da ke zuwa Maraɗi kuwa milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da Legas zuwa Ibadan. Ma'ana, ko da wata rana an haɗa Maraɗi da Doso, jirgin da ya taso daga Kano ba zai iya hawa layin Yamai ba sai an tumɓuke shi an sake shimfiɗawa. Ƙasa ɗaya, layi biyu, ba mai iya gaisawa da ɗan'uwansa.

Ta wani gefen, wannan faɗi na 1,435 shi ne na mafi yawan Turai da Amurka da Sin. Duk wani tarago da Jamus ko Ingila ta yi wa ritaya zai iya zama a kan layin Maraɗi ba tare da an taɓa ƙafafunsa ba. Ƙofar gwanjo ke nan a buɗe.

Yadda kasuwar gwanjon jirage take

Ba sai an je nesa ba. Jihar Legas ta gwada wannan kasuwa sau uku, kowane da irin sakamakonsa.

Na farko, a 2011, wani kamfani da ke shirin tafiyar da layin cikin gari na Legas ya ƙulla cinikin tsofaffin taragan jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Toronto a Kanada, fiye da 200. An kwashe wasu zuwa Amurka don a yi musu kwaskwarima. Aikin layin ya yi ta jan ƙafa, ra'ayin gwamnati ya sauya, a ƙarshe taragan nan ba su ga Legas ba. A matsayin ƙarafan bola aka yanka su.

Na biyu ya fi ban mamaki, don jiragen gwanjo ne da ba a taɓa shiga ba. A 2009 jihar Wisconsin ta Amurka ta yi odar jirage biyu daga kamfanin Talgo na Sifaniya, aka ƙera su a birnin Milwaukee. Kafin a gama, gwamnati ta sauya. Sabon gwamna, Scott Walker, ba ya ra'ayin shirin, majalisar jihar kuma ta ƙi ba da kuɗin gina garejin da za a riƙa kula da su. Aka je kotu, aka sasanta a 2015: jihar ta yi asarar kuɗi kusan dala miliyan 50, kamfanin kuma ya riƙe jiragensa. Suka shekara kusan goma a ajiye, har Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya je Milwaukee a Janairun 2022 aka sanar da cewa Legas ta saye su. Abin lura a nan shi ne, a ƙasa mai arziki irin Amurka, rashin gareji kaɗai ya isa ya hana sabon jirgi fita aiki.

Na uku su ne jiragen InterCity 125 na Ingila. An fara amfani da su a 1976, kuma a 1987 ɗaya daga cikinsu ya kafa tarihin gudu na jirgi mai amfani da dizal, kilomita 238 a awa. Da kamfanonin Birtaniya suka fara yi musu ritaya, wasu an kai su Meziko, wasu Legas, inda aka ɗora su a layin da ake kira Red Line tsakanin Agbado da Oyingbo, wanda Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar ranar 29 ga Fabrairun 2024, ya kuma fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban shekarar. Jirage ne masu ƙwari, ba wanda ke musun haka. Sai dai an ƙera su ne don doguwar tafiya, irin ta Landan zuwa Sukotlan, da ƙofa a kowane ƙarshen tarago. A Legas kuwa aikin kilomita 27 aka ba su, da tsayawa a kowace unguwa, inda ake son ƙofofi da yawa don jama'a su shiga su fita da sauri. Kamar a sayi babbar motar Rimbo ne a sa ta aikin adaidaita tsakanin Babbar Kasuwa da Tibiri. Za ta yi, amma ba don haka aka yi ta ba. A gaskiya irin wannan jirgi ya fi dacewa da tafiya kamar ta Kano zuwa Maraɗi.

Tanzaniya ta haɗa biyun. Don sabon layinta mai lantarki daga Darussalam zuwa Dodoma, wanda ya fara aiki a 2024, ta sayi sababbin jirage daga Koriya ta Kudu, ta kuma sayo taragai 30 masu hawa biyu da kamfanin jiragen Jamus ya gama amfani da su. Gyaran nasu ya yi jinkiri, aka soke kwangilar farko aka bai wa wani kamfani, 'yan ƙasar kuma suka yi ta tambaya a kafafen sada zumunta ko me ya sa za a ci bashi a gina sabon layi a ɗora masa tsohon kaya. Duk da haka taragan sun iso daga baya.

Inda gwanjo ya fi yin kyau shi ne Tailan. A ƙarshen 2021 kamfanin jiragen tsibirin Hokkaido na Japan ya ba ta taragai 17 masu injin kansu kyauta, ita ta biya kuɗin dako kawai. An ƙera su ne a shekarun 1980 don ƙasa mai dusar ƙanƙara, faɗin ƙafafunsu ma bai dace da layin Tailan ba. Mutane sun yi ta ba'a cewa an kwaso bola. Amma hukumar jiragen ƙasar tana da tsohuwar masana'antarta a Makkasan cikin Bankok, da ma'aikatan da suka gaji aikin. Su suka rage faɗin ƙafafun, suka gyara injuna da na'urorin sanyaya ɗaki, cikin shekara guda jiragen suka fara ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. Bambancin Tailan da sauran ba a jirgin yake ba. A garejin yake.

Sabo ma yana tsayawa a daji

Kada a ɗauka sabon kaya ne maganin komai. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai kilomita 186, an buɗe shi a Yulin 2016 da sababbin kaya daga Sin. A ƙarshen 2020 kawunan jirgin suka riƙa mutuwa a hanya, fasinja na shafe sa'o'i a daji, har ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya fito ya ba da haƙuri. Ranar 26 ga Agustan 2025 jirgi ɗauke da mutum fiye da 600 ya sauka daga layi a tashar Asham, kuma rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ya yi nuni da gazawa wajen kula da layin a wurin.

Sai kuma abin da ba makaniken da ke iya gyarawa. Ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka dasa wa jirgin Kaduna bam, suka kashe aƙalla mutum takwas, suka sace fiye da 60, waɗanda na ƙarshensu sai a watan Oktoba suka kuɓuta. Jirgin bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. Layin Maraɗi zai ratsa Jibiya, ya shiga ƙasar Madarumfa, yankunan da mutanensu suka san satar mutane da ta shanu ba a rediyo ba. Duk lissafin fasinja 9,000 a rana ya dogara ne a kan ko uwa za ta yarda ɗanta ya hau.

Garin da ya san gwanjo

Idan akwai mutanen da bai kamata a yi musu lacca a kan kayan hannu ba, 'yan Maraɗi ne. Shekara da shekaru motocin da ake saukewa a Kwatano ta nan suke biyowa kafin su shiga Najeriya, har lokacin da Abuja ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Tufafin bosho, firji, injin ban-ruwa, kwamfuta, waya: rabin abin da ke aiki a garin wani ya fara amfani da shi a wata ƙasa.

Duk direban da ya san aikinsa, idan zai sayi mota ba fenti yake fara dubawa ba. Tambayarsa ita ce, akwai kayan gyaranta a kasuwa? Akwai makaniken da ya san cikinta? Abin da ya sa tsohuwar Toyota ta fi wata sabuwar mota daraja a Maraɗi ke nan: ko a Gidan Rumji ta mutu, za a sami yaron da zai tayar da ita. Motar da sai an aika Dubai neman ƙaramin ƙarfe kuwa, ko kyauta aka ba ka, ka sami abin ɗaure akuya.

Wannan ma'auni shi ne na jirgin ƙasa, sai dai kuɗin ya fi yawa. Ƙafafun tarago suna cinyewa, sai an riƙa fere su a kan injin musamman. Birki yana son canji a kan lokaci. Ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu, wanda kan haura digiri 40 a Maraɗi, suna toshe matatar iska, suna kashe na'urar sanyaya ɗaki; tarago na zamani kuma tagoginsa ba sa buɗewa, don haka ranar da na'urar ta mutu ya zama tanda. Jirgin da aka ƙera don sanyin Turai sai an sake masa waɗannan kafin ya jure. Tsohon jirgi yana da wata matsalar: kamfanin da ya ƙera shi wataƙila ya daina yin kayansa, sai a koma cire na wannan tarago ana sa wa wancan, har a wayi gari goma sun koma huɗu. Sabon jirgi kuma nasa tarkon daban: kwamfutar da ke cikinsa sai injiniyan kamfani ne kaɗai ke da izinin buɗewa, ranar da yarjejeniyar kulawa ta ƙare kuwa sai a biya da dala.

A ɓangaren Najeriya an ɗan yi tanadi. An kafa Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, wadda ke kan wannan layi, akwai kuma masana'antar haɗa taragan kaya a Kajola ta jihar Ogun, da tsohuwar cibiyar koyar da fasahar sufuri a Zariya. Maraɗi na da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, tana da makarantar fasaha, tana da ɗaruruwan matasa masu walda da gyaran injin dizal da wayarin. A ganina, abin da ya kamata hukumomin jihar da ƙungiyar 'yan kasuwa su nema tun yanzu shi ne a rubuta a yarjejeniya cewa za a horar da 'yan Nijar a matsayin direbobi da makanikai da masu kula da sigina, a kuma yi wani garejin a ƙarshen layin, ba a Kano kaɗai ba. Tashar ƙarshe ita ce inda jirgi ke kwana. Idan ba a nema ba, aikin da zai rage wa 'yan gari shi ne dako da sayar da ruwan leda a bakin tasha.

Iyaka, da wanda zai hau

Ko an sami jirgin da makanikensa, akwai siyasa. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kasuwar Maraɗi ta ji a jikinta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, har da yanke wutar lantarki, sai a Maris 2024 aka buɗe. A ƙarshen Janairun 2025 ficewar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata. Cikin shekara biyar, iyakar da jirgin zai riƙa tsallakawa ta yi kusan shekara biyu a rufe. Mai mota yana da hanyar daji, ɗan kabu-kabu ma haka. Jirgin ƙasa ba shi da ita.

A ɗaya hannun, rikicin Nijar da Benin ya sa kayan da a da ke biyowa ta Gaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso da rakiyar sojoji, abin da ya ƙara tsada da jinkiri. Wannan ya sa hanyar Legas ta fi kowane lokaci ma'ana ga ɗan kasuwar Maraɗi, matuƙar an kammala ɓangaren Kaduna zuwa Kano mai kilomita 203, da kuma wanda zai haɗa Ibadan da Abuja. Idan ba a yi su ba, kwantenar da ta taso daga Apapa sai an sauke ta an sake lodi a hanya, don tsohon layi da sabo faɗinsu ba ɗaya ba.

Ga fasinja kuwa, ƙananan abubuwa ne za su yanke hukunci. A ina jami'an shige da fice da na duwan za su duba takardu: a cikin jirgi yana tafiya, ko kowa zai sauka a iyaka da kayansa a yi awa biyu? Da naira za a sayi tikiti ko da sefa, a kan wane canji? Buhu nawa aka yarda mace mai saro atamfa a Kantin Kwari ta shigo da shi? Hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971 kuma hedikwatarta ke Yamai, don irin wannan aiki aka yi ta, kuma tsohon shirin nan na Kano-Katsina-Maraɗi da ake kira K2M a ƙarƙashinta yake.

A kusan ko'ina a duniya kaya ne ke ciyar da layin dogo, fasinja kuwa sai gwamnati ta tallafa. Kayan da Maraɗi ke da su ba boyayyu ba ne: wake da aya da riɗi da dabbobi, har da jar akuyar da fatarta ta yi suna, waɗanda dama kasuwannin Najeriya irin su Dawanau suke nufa. Manomin Jiratawa, inda filin noman rani ya mayar da garin cibiyar zogale da kayan lambu, buƙatarsa ta fi ta kowa tsauri. Wake zai iya jiran jirgi mako guda a sito. Ɗanyen zogale da tumatir da aka tsinka da yamma kuwa dole su kwana a hanya su wayi gari a kasuwa, in ba haka ba a zubar. Wannan manomi ba ruwansa da ko taragon daga Sin ya zo da ledarsa ko Jamusawa sun shekara ashirin suna zama a cikinsa. Zai bar motar da ya saba da ita ne kawai ranar da ya tabbata cewa jirgin da aka ce zai tashi ƙarfe tara na dare, ƙarfe tara ɗin zai tashi, yau da gobe da jibi.

Mutumin Tibiri kuma, wanda garinsa ke ɗaya gefen Maraɗi a kan hanyar Yamai, layin bai iso gare shi ba. Shi da duk wanda ke yamma da nan, har Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi, za su ci gaba da tashi da asuba suna jiran motar Yamai, don a kwangilar da aka sa wa hannu a Abuja, Maraɗi ce tasha ta ƙarshe.